Akushin Inna a Bangon Mujalla

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Alhaji? Mu nan Gozaki lafiya lau.

Mujallun da kika bari sun yi mini rana, a bangonsu na koyi barin fili a hoto. Jiya na sa malmalar tuwo ɗaya a tsakiyar faranti zan ɗauki hoto, Inna ta hana. Ta ce, "So kike a ce muna da rowa?" Ta cika akushi fal. Sai na bar filin a samansa, inda ake rubuta sunan mujalla. Wallahi ya fi nasu kyau, shi zan tura gasar hoton abinci.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Inna ta ce ko a hoto baƙonta ba ya tashi da yunwa.

Ƙanwarki,
Hadiza