Auta da aikin Asabar ɗin da babu shi

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Da hannuna na rubuta ta, kwana uku ina kanta, domin ban iya rubutu ba sai da na haura hamsin. Ban so in sa kowa ya rubuta mini ba, saboda abin da ke cikinta ko ƙanwata ban faɗa wa ba, ita da ba na ɓoye wa komai.

Maganar autata ce. Shekarunta ashirin da tara. Mu biyu ne a gida tun da yayyenta suka yi aure, mahaifinsu kuma ya rasu. Ita ba ta yi aure ba tukuna, amma wannan wata takardar ce daban, ba ita ta kawo ni yau ba. Tana aiki a kamfanin wutar lantarki, a sashen da ake buga waya a kai kuka. Daga takwas na safe zuwa biyar na yamma abin saurare na maƙale a kunnenta, mutane na zazzaga mata masifa kamar ita ce ta hau turke ta tsinke waya. Wannan ya ce naman firjinsa ya lalace, waccan ta ce injin niƙanta ya ƙone. Ita dai nata "ku yi haƙuri, ana kan gyara." In ta dawo, muryarta a dishe take.

Ita ce ta koya mini karatu. Shekara biyu cur, kowace Asabar muna kan tabarma a ƙofar kicin, ina jan baƙaƙe da fensir kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, ita tana gefe ba ta cewa komai sai na yi kuskure. Da na iya, muka daina. To, daga nan ne abin ya fara.

Asabar ta yi, sai ta kashe wayarta ta jefa a durowa. Ta wanke kayan aikinta ta shanya. Ta zuba wa wasu shuke-shuke uku da ta dasa a gwangwanin madara ruwa. Sannan ta ja farar kujerar roba zuwa ƙofar baya, ta zauna da kofin shayi tana kallon kayan suna ɗiga. Awa ɗaya, awa biyu. In na ce lafiya, ta ce lafiya lau, Umma. In na ce me kike tunani, ta ce ba komai. Anti, tsakani da Allah, akwai mai rai da ke zama yana tunanin ba komai?

Ni a gidan mutum talatin na tashi. A wurinmu in kin ji gida ya yi tsit, to ko an yi faɗa ko an yi rasuwa. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Mahaifinta haka ya fara. Mutum ne mai barkwanci, sai ya koma zama shiru a ƙofar bayan nan. In na tambaya ya ce gajiya ce. Ashe ciwo ne ke cinsa, ya ɓoye don kada hankalinmu ya tashi. Da muka gane, lokaci ya ƙure. Shi ya sa duk sanda na leƙa na ga bayan Auta a wurin nan, sai gabana ya faɗi.

Sai na ce bari in yi maganin abin. Na fara gayyato mutane kowace Asabar. Ƙanwata ta zo da jikokinta huɗu. Maƙwabciyarmu mai sayar da turare ta shigo da jakarta. Matar kawun Auta ma ta zo, wadda kunnenta ya yi nauyi, in tana magana sai ki ɗauka da wani take a tsallaken titi. Na kunna rediyo, na ɗora tukunya, na kamo hannun Auta na zaunar da ita a tsakiyar falo. Gida ya cika, raina ya yi fari. Kuma da yake kowa ya san inda take aiki, ba wanda ke zuwa hannu rabbana. Matar kawu ta ce layinsu kwana huɗu babu wuta. Mai turare ta ce mitarta na wani irin kuka. Har mijin ƙanwata, wanda ya zo ɗaukar iyalinsa kawai, sai da ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa ya ce, "'Yar nan, wai ku a ofishin naku da fitilar ƙwai kuke aiki, ko ku ma ana ɗauke muku?" Aka yi ta dariya. Ita ma ta yi murmushi ta ce su yi haƙuri, za ta duba. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina ya yi girma, 'yata ce ake kawo wa kuka.

Bayan kamar wata biyu ana haka, ta ce mini an ƙara musu aikin Asabar. Na tausaya mata ƙwarai. Ogan nata da ban taɓa gani ba, babu irin abin da ban faɗa a kansa ba, Allah ya yafe mini. Asabar shida tana fita ƙarfe tara, ta dawo bayan la'asar.

A ta bakwai na ce yarinyar nan ba za ta wuni da burodi ba. Na dafa shinkafa da miya, na zuba a kula, na hau bas biyu na je. Na tarar da ƙofar a rufe da kwaɗo. Mai gadi, wani dattijo mai furfura, yana zaune yana gyaran rediyonsa. Na ce masa ni ce uwar wance, na kawo mata abinci. Ya dube ni, ya dubi kular, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Mama, ai sashensu ba sa zuwa ranar Asabar, wasu ne ke karɓa a can hedikwata." Na ajiye kular a ƙasa, na ce to ina 'yata take zuwa? Da ya ga hankalina ya tashi, sai ya ce in kwantar da hankalina, in bi shi a hankali, amma don girman Allah kada in ce shi ya nuna mini.

Ya zagaya da ni bayan ginin, inda ma'aikata ke ajiye motoci. Wurin fayau, ba mota ko ɗaya. Can ƙarƙashin wata bishiya akwai bencin siminti, ga Auta a kai. Ta cire takalmi, ta ɗora ƙafafu a kan jakarta, flas ɗin shayina da na yi sati uku ina nema yana gefenta. Lemo take ɓarewa, a hankali, kamar an ce in ɓawon ya tsinke za a kore ta daga aiki. Na laɓe a bayan tankin ruwa, ni da girmana. Na ce yanzu zan ga wanda take jira. Na fi awa ɗaya a tsaye. Ba wanda ya zo sai kyanwar mai gadi. Ta sha lemonta, ta kalli sama, ta yi hamma har ina hango haƙoranta. Can wani ƙadangare ya faɗo daga bishiya ya tsaya yana gyaɗa kai, sai na ga ta yi dariya ita kaɗai. Anti, wannan dariyar ce ta karya ni. Rabon da in ji ta a gidana na manta.

Na ba mai gadi abincin na juyo. Da ta dawo ta ce, "Wash, Umma, yau aiki ya yi yawa." Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka." Yanzu maƙaryata biyu ne a gidan nan, muna cin abinci a kwano ɗaya.

Shekaranjiya kuma ta zo ta zauna a bakin gadona tana murza yatsu. Ta ce tana so ta kama ɗaki kusa da ofis, ita da wata abokiyar aikinta, wai saboda cunkoson hanya. Na ce zan yi tunani. Ƙarshen wata take son amsa, saura kwana goma sha ɗaya.

Ki faɗa mini gaskiya, kada ki ji kunyata. Ciwo take ɓoyewa kamar mahaifinta? Ko ni ce ta gaji da ni? In na ce na gan ta, ina tsoron ta ce na bi sawunta, ta ƙara nisa. In na yi shiru kuma, ina ji ina gani za ta kwashe kayanta. Me na yi wa yarinyar nan da ta gwammace bencin siminti da kyanwar mutane a kan falon uwarta?

Taki cikin damuwa,
Uwar Auta

*

Mama Uwar Auta,

Sannu da ƙoƙari, kuma sannu da tsayuwar bayan tanki. Na karanta takardarki sau biyu, na yi dariya a wasu wurare, a wani wurin kuma na ajiye ta na share ido.

Bari in fara da abin da kika rubuta da hannunki amma ba ki gani ba. Yarinyar da ke wuni biyar a mako ana juye mata ƙorafin wuta a kunne, ran hutunta sai kika buɗe mata reshen ofis a falo, har da matar kawu mai lasifika a maƙogwaro. Mama, da ni ce, ba bayan ofis zan gudu ba, sai an sa cigiyata a rediyo. Ke shiru ne ke ba ki tsoro. Ita kuwa shiru shi ne abin da take jira tun Litinin, kamar yadda mai ɗaukar kaya ke jiran inda zai sauke. Kuma e, akwai mai rai da ke zama yana tunanin ba komai. Yawancin masu aiki da jama'a da wannan suke rayuwa.

Tsoronki ba shirme ba ne. Wadda ta taɓa rasa miji a bayan "gajiya ce" ba za ta ƙara jin kalmar da kunne ɗaya ba. Ni ba likita ba ce, kuma ban ga Auta ba. Amma wadda kika kwatanta tana cin abinci, tana fita aiki, tana kula da shukokinta, tana yi wa ƙadangare dariya. Ki sa ido a kan waɗannan. In kika ga ta daina ci, ta rame, barci ya gagare ta, ko abin da take so ya daina burge ta, to ku je asibiti tare ba tare da jan lokaci ba. In ba haka ba, ki bar mahaifinta ya huta a inda yake, kada ki zaunar da shi a kujerar 'yarsa.

Batun ko ta gaji da ke, ki tuna wadda ta ba ki Asabar ɗinta shekara biyu tana kallon kina kokawa da fensir. A lokacin ba ta gudu ba, don ke kaɗai ce kuma gidan shiru. Ba ke take gudu ba, taron da kike tarawa ne.

Ita ma ba zan wanke ta tas ba. Ƙarya ta yi miki, ta bar ki kina tsine wa bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mace mai shekara ashirin da tara ya kamata ta iya cewa, Umma, ina son in huta. Sai dai ki tambayi kanki, da ta faɗa, za ki ji, ko za ki ƙara gayyato mutum biyu?

Ga abin da nake gani. Kada ki jira ƙarshen wata. Gobe ko jibi, ku biyu kawai, ki faɗa mata kin je kin gan ta. Ki fara da naki laifin kafin nata, kuma ki rufa wa mai gadi asiri yadda ya roƙe ki, ki ce da kanki kika zagaya. Sannan ki faɗa mata abin da na tabbata ba ta sani ba, cewa in ta zauna a ƙofar bayan nan mahaifinta kike gani. Ita tana zaton sa ido ne kawai irin na iyaye. In ta san tsoro ne, za ta daina ba ki amsar da take ba masu buga waya.

Bayan haka ki mayar mata da Asabar ɗinta, cikakkiya. Baƙi su koma Lahadi da yamma, kuma ki sanar da su da bakinki cewa duk mai kukan wuta ya buga lambar kamfani kamar kowa. Tambayar "lafiya?" sau ɗaya ta isa a wuni. Asabar ta farko bakinki zai yi ta ƙaiƙayi, na sani. Ki fita ke ki kai wa ƙanwarki ziyara, can ki yi surutunki har ki ƙoshi.

Maganar ɗaki kuwa, kada ki ce e, kada ki ce a'a. Ki roƙe ta wata biyu a gwada sabon tsarin. Mai yiwuwa cunkoson hanyar ya ragu da kansa. In kuma bayan haka ta ce har yanzu tana so, ki duba wurin da abokiyar zaman da idonki, in sun kwanta miki ki sa mata albarka. 'Yar da ta fita da yardarki za ta riƙa dawowa da ƙafarta. Wadda kika tsare da hawaye za ta zauna, amma za ta nemo wani bencin da ba za ki taɓa ganowa ba.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ƙara wa Auta lafiya, ya bar ku da juna, ko a rufi ɗaya ko da 'yar tafiya a tsakaninku.

Taki,
Anti