Hujin Tagar Maitama

Malumfashi, Talata

Zuwa ga Maman Adawiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

A matsayina na maigidan nan, ina sanar da ke cewa daga yau na mallaki bindiga. Kwantar da hankalinki, ta matsa gam ce, wanda ake kira silikon.

Ƙanenki Maitama ne ya ja. Tagar alminiyam da ya sa mana a ɗakin ajiya na duba daga waje, sai ga huji biyu a ƙasanta, kowannensu fensir zai iya shigewa ta ciki. Mutumin da yaran shagonsa a Funtua suke kira injiniya, ya kawo wa yayarsa taga mai huji ana tsakiyar damina, a ɗakin da buhunan wakenki suke! Na kira shi, ya soma wani dogon bayani, na kashe wayata. Na goge wurin tas, na bari ya bushe kamar yadda aka rubuta a jikin robar gam ɗin, na cike hujin, na lailaye da yatsa. Ko sauro ba zai samu hanya ba.

Ki gaishe da mutanen Bakori, ban da mutum ɗaya idan ya zo.

Mijinki,
Isah

Malumfashi, Asabar

Maman Adawiyya,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Inna da jiki.

Shekaranjiya an yi ruwa da iska. Da na buɗe ɗakin, ruwa ya cika kwarin da gilashin yake gudu a kai, ya tumbatso ta ciki, ya bi bango ya sauka kan buhunan. Na ƙasa sun jiƙe, waken ya kumbura, har ya fara wari. Waken da kika sha wahalar shanyawa da sheƙewa! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na aika wa Maitama cewa kada ya ƙara taka mini ƙofar gida, na kuma faɗi hakan a majalisa a gaban su Alhaji Shitu, don kowa ya san irin aikinsa. Tagar da ko silikon bai iya gyara ta ba, ai sai bola.

Jiya ruwa ya tsare mu a barandar masallaci bayan Juma'a. Ina tsaye ina ta huci, sai idona ya kai kan tagogin masallacin. Kowace da hujinta biyu, ruwa yana tsiyayowa waje abinsa. Na koma gida na sa ƙusa na ƙwaƙule aikina, ruwan da ya taru ya zubo mini a ƙafa.

Laifina ne. Waken da ya tsira yana kan tabarma a falo. Ki ba Maitama haƙuri kafin in kira shi, don na san zai so ya ƙarasa bayaninsa.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mijinki,
Isah