Mutanen Cikin Kabad

Litinin, 3 ga Maris

Gobe za a sallamo maigidana, Mai Agogo, daga asibiti. Kwana goma sha tara. Ɓarin dama ne ya shanye. Ƙafa ta fara dawowa, baki ma ya ɗan miƙe, hannun ne dai yake kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likita ta ja ni gefe ta ce watanni ukun farko su ne komai, in yatsun ba su motsa a cikinsu ba, to da wuya. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana ci da mu da yatsun nan, yana ɗaukar sukurun da ni sai na sa tabarau nake ganinsa.

Na rufe shagon ɗinki da wuri, na zo na yi wa falo gyara na gaske. Har kabad ɗinsa na gilashi, wanda tun aurenmu bai taɓa bari na buɗe ba. Mutum-mutumin roba ne a ciki, na fim ɗin nan na yaƙin sararin samaniya da yake so tun yana saurayi. Sittin da uku, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ni 'yan tsana nake ce musu, shi ya ce mutane ne. Na fito da su kaf na goge, na jera jajaye tare, baƙaƙe tare, dogaye a baya, yadda nake jera zare. 'Yan bindigoginsu da huluna da sanduna sai faɗuwa suke yi, na tattara na zuba a gwangwanin maɓallai kada su ɓace. Kabad ya yi fes. Zai ji daɗi.

Talata, 4 ga Maris

Bai ji daɗi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Jiya da ni da Auta, 'yarmu, muka shigo da shi muka zaunar, idonsa ya faɗa kan kabad. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, da bakin nan nasa da bai gama miƙewa ba, "Hajiya, kin sa Matuƙiya kusa da wanda ya ƙona mata jirgi."

Magana mafi tsawo da ya yi tun da ya faɗi. Na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Da na nuna masa gwangwanin sai ya rufe ido.

Lahadi, 9 ga Maris

Likitar gashin ƙashi ta zo gida. Ta bar masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da wake ya riƙa tsinta yana sawa a kofi. Tana fita ya ture ƙwallon da hagu ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya ce shi ba yaron goye ba ne.

Da yamma na ji yana ce wa Auta ta mayar wa mai gini makullin rumfarsa ta gyaran agogo. Na shiga na ce a bari zuwa ƙarshen Mayu. Ya ce, "Me zai canja?" Na tsorata ƙwarai. Ba rashin rumfar nake tsoro ba, yadda ya faɗe ta nake tsoro, babu ko ɓacin rai.

Talata, 11 ga Maris

Ya ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Na juye gwangwanin a kan tebur, maɓallai da bindigogi suka cakuɗe. Yana zaune yana ba da umarni. Sunayensu ba sa kama bakina, sai na raɗa musu nawa: Kan Buta, Dogon Wuya, Tsohuwa Mai Ido Uku, Gwamna. Matuƙiya ce kawai muka yarda da sunanta ni da shi.

Awa biyu, mutum tara. Wai har tsayuwa kowa da tasa.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau na ga wani abu. Bari in rubuta tun ban fara ce wa kaina idona ne ba.

Na ɗauki hular Gwamna ina ƙoƙarin cusa wa Kan Buta, ban san ba tasa ba ce. Ya ce a'a. Ban gane ba na ci gaba. Ya sake cewa a'a. Sai ga hannun dama ya taso daga cinyarsa, ya zo ya bugi nawa. Bai kai taƙi ɗaya ba, ya koma ya faɗi. Shi ko lura bai yi ba, faɗa yake yi. Ni kuwa na ce zan duba tukunya, na shiga kicin na jingina da firji har sai da numfashina ya dawo.

Na kira likitar gashin ƙashi na gaya mata. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ki ci gaba da ɓata masa rai."

Wannan kam na iya. Shekara talatin ina yi kyauta.

Talata, 18 ga Maris

Kullum da safe kafin in tafi shago sai in buɗe kabad "in goge ƙura", in bar ɓarna uku ko huɗu. In na dawo na tarar ya gyara. Abin da na gano: hannu ɗaya ba ya sa wa mutum bindiga. Dole ɗaya ya riƙe jikin, ɗaya ya cusa. Yana danne su da na dama a kan cinya, yana aiki da hagu. Dannewa ma ai aiki ne.

Ya ce da Auta, yana sane ina ji, "Uwarki kanta ba ya ɗaukar komai sai awon wuya da hannu."

Asabar, 22 ga Maris

Matsala. Ba kowace ɓarna ce take tashe shi daga kujera ba. Jiya na musanya wa wasu sojoji biyu wuri, ko kallo ba su ishe shi ba, ashe duk ɗaya ne. Wata rana kuma na sa wa Dogon Wuya sanda ina murna, ashe tasa ce, na yi daidai ban sani ba. In ana so a ɓata abu da kyau sai an san shi.

Na sa Auta ta zuba mini fim ɗin a tsohuwar wayarta. Kashi bakwai ne, Allah ya ba ni haƙuri. Na ce in ta gaya wa ubanta ba ni ba ita. Zan riƙa kallo a shago da rana, lokacin da nake aikin hannu.

Alhamis, 27 ga Maris

Kashi na ɗaya surutu da harbe-harbe. Na biyu da dama-dama. Ashe Kan Buta ba mugu ba ne, fuskarsa ce kawai haka.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kashi na uku. An ƙona wa Matuƙiya jirgi, ta sa hannu cikin wuta ta ciro makullin injin, hannun dama ya tafi ke nan. Daga nan da hagu take komai. Wata mai karɓar ɗinki ta shigo ta same ni ina share ido, ta ce lafiya, ko jikin maigidan ne? Na ce zare ne ya shiga mini ido. Da na duba rigar da ke hannuna, na ɗinke bakin hannun riga ruf. Sai da na farke.

Yanzu na san inda yake masa ciwo. Gobe Gwamna zai kwana rungume da abokiyar gabarsa, Tsohuwa Mai Ido Uku.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ya taso da sandarsa har gaban kabad ba wanda ya kama shi. Ya ce wannan ba ganganci ba ne, cin mutunci ne. Babban yatsa da manuni sun haɗu yau, na gani da idona.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ban so rubuta yau ba.

Ya gwada ɗaukar Matuƙiya da dama kaɗai. Ta kuɓuce ta faɗi a siminti, ƙafarta ta ɓalle daga ƙugu. Ita ce ta farko da ya saya, tun kafin ya san ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Rufe kabad ɗin, Hajiya. Ki kai makullin inda ba zan gani ba."

Ni na ja masa. Da ban taɓa su ba da tana nan a tsaye.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Kwana biyu bai kalli ɓangaren kabad ba. Shayi ma rabi yake sha. Hannun ya koma cinya. Ina son mutumin nan, kuma ban san me zan yi masa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na zauna a gabansa da Matuƙiya da ƙafarta da kwalbar gam, na buɗe murfin a hankali yadda zai ji warin. Na san abin da ya tsana a duniya bai wuce gam ba, ya sha cewa gam aikin malalata ne. Na kusa ɗigawa ya ce, "Kada ki kuskura."

Ya ce ƙarfe ake sawa a ciki, siriri, a huda nan a huda can. Ya aiki Auta rumfa ta ɗauko akwatin kayan aikinsa. Wata biyu rabonsa da ganin akwatin. Ya daɗe yana shafa murfin kafin ya ce in buɗe.

Wannan karon ba da gangan nake ɓatawa ba, da gaske ban iya ba. Ramin ko ganinsa ba na yi. Sai muka raba: ni na riƙe ta, shi ya maƙala gilashinsa a ido, hannunsa na hagu yana juya abin huji, na dama yana tokare da wuyan hannuna yana rawa. Ya yanke kan allurata ya sa a ciki. Ƙafa ta zauna, har tana juyawa. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce hannuna ya fi nasa rawa. Ƙarya yake, amma na bar masa.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mayafin Matuƙiya ya zare a gefe. Akwai guntun yadi ruwan toka a shago, zubar da shi za a yi, sai na yanka mata sabo. Na sa masa aljihu a hagu, haka yake a kashi na huɗu. Ya juya shi ya duba ɗinkin ciki, ya ce ba laifi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ya riƙe hantsaki da dama. Ya tsinci maɓalli goma sha ɗaya kafin ya gaji. Likita ta ce ba zai dawo kamar da ba, amma yana dawowa.

Na gama kashi na bakwai. Ban yarda da abin da suka yi wa Kan Buta ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.

Talata, 6 ga Mayu

An kama ni.

Da la'asar ya kira ni falo, ya ce in zauna in gani. Makullin injin Matuƙiya ne, ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya riƙe ta da hagu, ya ɗauki makullin da yatsun dama, ba hantsaki. Ya faɗi. Ya sake. Sau shida yana faɗuwa, ni ina zaune na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su kai masa taimako. Na bakwai ya shiga hannunta na dama. Ya ɗago ta yana nuna mini.

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Ai ba a nan take riƙewa ba. Tun kashi na uku da hagu take riƙewa."

Sai na ga kafaɗarsa tana girgiza. Dariya yake yi, ta gefe ɗaya, har da hawaye.

Ya ce da gangan ya sa a dama. Ya ce tun farkon Afrilu ya gane, don wanda bai sani ba yakan yi daidai wani lokaci bisa kuskure, ni kuwa tun ƙarshen Maris ban ƙara yin daidai ko sau ɗaya ba. Na ce to me ya sa bai yi magana ba? Ya ce, "In na yi magana ai za ki daina."

Na ce zan duba tukunya. Ya ce babu komai a kan wuta, zauna.

Muka zauna har magariba. Shi ma ashe bai yarda da abin da aka yi wa Kan Buta ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Ya buɗe rumfa yau, awa biyu. Na raka shi na wuce shago. Batir biyu ya canja da maɗauri ɗaya, ya ce na ƙarshen sai da mai agogon ya jira shi minti ashirin, kuma ya jira. Ya ce da Auta ta bar zancen mayar da makullin rumfa.

A hanyar dawowa na biya ta shagon kayan wasan da ke bayan tasha, inuwa kawai na shiga nema. Akwai ƙanwar Matuƙiya, mai gyaran inji ta kashi na biyar, wadda babu ita a kabad. Mai shagon ya ce, jika za a saya wa? Na ce eh.

Ba mu da jika tukuna. Tana jakata. Zan ba shi, amma ba yau ba. Ta ɗan kwana biyu a kan keken ɗinkina, in auna ta, rigar da suka sa mata ba ta yi mata ba.