Lasisin Denny

Reefton, 6 ga Fabrairu, 1994

Yaya Fergus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Raewyn kuna lafiya, an kuma gama askin tumaki ba tare da ka zagi kowa ba.

Ga labari: an amince mini in riƙa koyar da masu neman lasisin bindiga. Litinin zuwa Juma'a ina makaranta ina koyar da lissafina, Asabar kuma ina zauren 'yan kwana-kwana da manyan ƙarti, ina nuna musu yadda ake riƙe bindiga ba a kashe maƙwabci ba. Sai na sa hannu a takardar mutum kafin ya kai wa 'yan sanda. Shekara goma sha ɗaya ina harbin allo a kulob, ka ga yau ta yi rana.

Ranar farko wani tsoho ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Malama, tun ba a haife ki ba nake harbi." Na ce, "Na gani, Baba, ai ga yatsunka tara." Zauren ya kwashe da dariya, har da shi.

Ka gaishe da Raewyn.

Ƙanwarka,
Marnie

Tuatapere, 15 ga Fabrairu

Marnie,

Muna lafiya, ruwa dai ya ƙi tsayawa. Ke da kika yi kwana biyu kina kuka a kan zomon farko da kika harba, yau ke ce malamar maharba. To, madalla.

Wata alfarma nake nema. Kin san Denny, ƙanen Raewyn, yana aiki a mahaƙar kwal kusa da ku. Yana son ya zo mu shiga daji a Afrilu, lokacin da mazan barewa ke ruri, amma ba shi da lasisi. Bara ya gwada, malamin da kika gada ya kayar da shi. Ban ce ki yi ha'inci ba. Ki dai sassauta. Mutum ne mai kirki, rawar kai ce kawai, ni kuwa ina tare da shi, zan sa masa ido.

Sai na ji ki.

Fergus

Reefton, 7 ga Maris

Yaya,

Da fatan ruwan ya ɗauke muku. Denny ya zo ranar Asabar. A rubuce ya ci ashirin da takwas cikin talatin, hannunsa kuma ba laifi, bai juya bakin bindiga wajen kowa ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ina da hotunan kurmi da nake ɗaga musu in ce, me kuka gani? Ban gama ɗaga na uku ba Denny ya ce, "Barewa. Na kayar da ita." Mutum ne a hoton, ya sunkuya da jaka ruwan ƙasa a baya. Da na nuna masa sai ya yi dariya ya ce, "To wa ya aike shi ya yi shigar barewa?" Na ce, "Denny, sai ka ga kai, ka ga wuya, ka ga ƙafa huɗu, sannan yatsanka ya je kusa da kunamar bindiga." Ya ce, "An gama, Malama."

Hotunan nawa ne, ba sa cikin jarrabawa. Duk da haka ina da ikon in ce ya dawo wata mai zuwa. Na daɗe riƙe da biro, sannan na sa hannu.

Kada ku rabu a daji, ko na minti biyar. Ba wasa nake ba.

Taka,
Marnie

Tuatapere, 28 ga Afrilu

Zuwa ga Marnie,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya kamar yadda kika yi mini. Kin tafi daga maƙabarta ba ki shigo gida ba, ban samu na gaya miki yadda abin ya faru ba. Gara ki ji daga bakina.

Kwanansu na uku ne a daji, da safe, akwai hazo. Sun ji wani namijin barewa yana ruri a ƙetaren rafi. Fergus ya ce wa Denny ya zauna a gindin wani itace, kada ya motsa, shi zai zagaya ya kira namijin barewar da ƙahon nan da yake busawa don kwaikwayon rurinsa. Denny bai zauna ba. Ya bi sautin, ya ga ganye na motsi, ya harba. Tsakaninsu taku talatin ne. Likita ya ce Fergus bai wahala ba. Ban sani ba ko haka suke gaya wa kowa.

Denny ya yi gudun awa huɗu kafin ya kai titi. Har yau maganarsa ɗaya ce: "Raewyn, na ga ƙahonninsa, na rantse na gani." An karɓe bindigar da lasisin, za a shiga kotu a Yuli. Ya kasa komawa aiki. Yana kwana a rumfar askin tumaki, don ya ƙi shigowa gidan. Kullum sau biyu nake kai masa abinci, in ajiye a bakin ƙofa in juyo. Ƙanena ne, ni na yi goyonsa. Ba na iya kallon hannuwansa.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Matar yayanki,
Raewyn

Reefton, 9 ga Mayu

Raewyn,

Na gode da wasiƙarki. Kunya ce ta hana ni shiga gidanki, kuma ga dalili.

Fergus ya rubuto mini a Fabrairu ya ce in sassauta wa Denny. Na ga gaggawarsa da idona a aji. Na san bai shirya ba, kuma da wani ne da na ce ya dawo. Na sa hannu ne don yayana ya roƙe ni, ban so ya ce ƙanwarsa ta samu ɗan muƙami ta fara ɗaga kai.

Na je na gaya wa sajan 'yan sandan garinmu duka. Ya duba takardar ya ce, "Maki ya cika, Malama. Ba abin da ya shafe ki." Ya ba ni shayi. Na so a ce ya rufe ni.

Asabar da ta wuce mutum tara suka zo. Na tsaya gabansu na kasa fara darasi, sai da wani tsoho mai taimaka mini da kujeru ya sallame su. Ban san ko zan koma ba.

Ba na roƙon ki yafe mini. Ina so dai ki san wa ya sa hannun.

Marnie

Tuatapere, 17 ga Mayu

Marnie,

Na gaishe ki. Na san da wasiƙar. Fergus bai so ya rubuta ba, ya ce bai kamata a yi miki haka ba. Ni na dame shi sati guda, ni na ajiye masa takarda da biro a kan tebur, ni kuma na kai gidan waya.

Ba ni da yafiyar da zan ba ki, ni ma nema nake.

Ranar sha biyu ga Yuli ne kotun, a Invercargill. Ba zan iya zama a bayan Denny ni kaɗai ba. Ki zo.

Raewyn