Barkonon Inna a Kan Hotona

Yaya Maiwada,

Na wuce Hunkuyi da sassafe, ban tashe ka ba. Yau mu masu zane za mu shafe tsohon shagon audugar nan da farar ƙasa, jibi mu rataye hotunanmu jama'a su gani.

Jiya na tarar Inna ta shanya ɗanyen barkono a kan hoton bikin 'yancin kai, wanda na yi wata biyu ina zanawa a kan babban ƙyalle. Fuskokin mutane duk sun yi jawur!

Don Allah ka naɗe shi ka ɓoye a ɗakinka, kada ta wanke. Ita kuwa cewa ta yi yau dai aikina ya amfani gidan nan.

Ƙaninka,
Uwaisu