Taya ce, ba Hannuna ba

Daga Tozai

Ɗana Abdurra'uf,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin Sakkwato. Mu nan sai godiya. Keken hawan dutse da ka aiko ya iso, Allah shi yi maka albarka. Tayoyinsa manya ne ƙwarai, yashi bai riƙe su, har gona ban sauka.

Sai dai akwai magana. Ka san tun da anka gina rami kewaye da unguwarmu saboda mutanen daji, an gitta gungumen icce bakin ƙofa. Da tsohon kekena, in na zo sai in ja kan keken, gaba ya tashi, in ƙetare ina zaune. Wanga naka kuwa, in ja in ja, ya ƙi tashi kamar jakin da ya ƙoshi. Jiya tayar gaba ta daki gungumen, na kife gaban masu tsaron ƙofa. Haƙarƙarina bai bar ni barci ba.

Innarka Tasalla ta ce tsufa ne, hannuna ya mutu. Ta rantse in na sake faɗuwa, gonar fadama ta wuce ni, a ba surukinmu shi noma. Gonar da na share da hannuna!

Mahaifinka,
Labbo

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka. Ka ce gaskiyata: babbar taya na sa bayan keke shi yi tsawo, mahayi ya nutse tsakanin tayoyi, sai ya jefa jiki baya sosai kafin gaba shi tashi. Na sa anka karanta wa innarka har sau biyu. Ko kai ba ta ɗaga ba, tsintar wake take.

Na gwada jefa jikin. Ƙuguna ya ce bai san zancen ba. Yanzu sauka nake in tura, samari na wuce ni suna yi mani sannu. Wallahi sannun nan ta fi faɗuwar ciwo. Na gaji, Abdurra'uf.

Mahaifinka,
Labbo

Ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan jikokina suna lafiya. Yau da hantsi innarka ta je gidan maƙwabcinmu Ibrahima, wanda na bai wa tsohon keken, ta jawo shi da kanta har ƙofa. Ta ce ga mai ƙananan tayoyin, in hau in ƙetare gungumen, in gaba ya tashi gona tawa ce, ba ta ƙara magana.

Na riƙe kan keken na daɗe. Na san hannuwana ba su iyawa, ita ma ta gani. Ban hau ba. Na ce tayar baya ba iska, na mayar wa mai shi. Ita kuwa da ta jawo shi, ta san da iska.

Gobe za ni nuna wa surukinmu iyakar gona. In wani ya tambaye ka abin da ya zaunar da ni, don Allah ka ce taya ce.

Mahaifinka mai yi maka addu'a,
Labbo