Ruwan Alwalar da Kika Aiko

Da sunan Allah nake farawa, kuma gare Shi nake neman dacewa a cikin abin da zan faɗa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga ƙanwata wadda muka fito ciki ɗaya, Goggon yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, Ya sa kaffara ne, Ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a gabanSa. Mu a nan sai godiya. Idona ya yi sauƙi tun bayan aikin da aka yi masa, har ina iya bin manyan baƙaƙe ba tare da an riƙe mini littafi kusa da hanci ba. Babban ɗana ya gyara rufin ɗakin karatu, ruwa ya daina sauka a kan ɗalibai, matarsa kuma ta samu sauƙin zazzaɓin da ya kwantar da ita. Saura Auta, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Dogo direba ya kawo mini jarkar da kika ba shi. Na kira wayarki ba sau ɗaya ba, tana shiga ba a ɗauka, na kuma gane cewa ba rashin ji ba ne. Ban ga laifinki ba. Sai dai kin ji maganar nan daga bakin da bai kamata ba, kuma kin ji ƙarshenta ba ki ji farkonta ba. Ina roƙonki don zumuncin da ke tsakaninmu ki karanta har ƙasa kafin ki naɗe takardar.

Tun da Allah Ya karɓi jaririn Auta a ranar da ta haife shi, mijinta ya yarda ta dawo gidana, tana ɗakin mahaifiyarta marigayiya. Kin yi mana ta'aziyya ta waya, kin ce za ki taho da zarar gwiwa ta sake ki, don haka ba ki ga abin da nake gani ba. Yarinyar da kika sani da surutu da tsokana, wadda in tana kan keken ɗinki ake jin dariyarta daga bakin titi, ta koma ba ta magana. Shagonta a rufe yake, abokiyar aikinta ce ta bi masu kaya gida gida tana mayar musu da yadinsu. Tana zaune a bakin gado ta fuskanci bango, da 'yan rigunan da ta ɗinka wa yaron da hannunta a kan cinya, ta ninke su, ta warware, ta sake ninkewa. A kai abinci a ɗauko shi yadda aka kai. In na shiga na yi sallama takan gyara mayafinta don girmamawa, iyakar amsar da nake samu ke nan.

Ana cikin haka surukarta ta zo da wata shawara. Ta ce akwai wata mata a bayan gari mai yi wa mutane wanka, cewa abin da ke kan Auta baƙar inuwa ce, in ba a wanke ta ba haka za ta yi ta binne 'ya'ya. Na nemi ta bayyana mini yadda ake wankan. Ta ce a mararrabar hanya ake yi, a tuɓe wa mace kayanta duka, a fasa mata ƙwai a ka, a cuɗe ta da baƙin sabulu ana kiran sunayen waɗansu da ba a gani, sannan ta jefar da zanen da ta zo da shi ta tafi ba waiwaye. Ta ƙara da cewa ita ma an yi mata a zamanin ƙuruciya, ga ta nan da 'ya'ya har ba ta iya kiran sunansu ba ta haɗa da na wani ba. Na ce mata muddin ina numfashi ba za a kai 'yata wurin ba. A cikinsa akwai kiran wanin Allah, akwai tsiraita matar aure a fili, akwai kuma abin da ya fi ci mini rai, wato a gaya wa wadda ta rasa ɗanta cewa ita ce ƙazantar da za a wanke.

Surukar nan ba ta da tsoron baki, kin san ta. Ta ce mu malamai mun iya cewa haram kamar masu gadin ƙofa, amma in an tambaye mu ta ina za a shiga sai mu hau gyaran rawani. Ta ce hanawa ba magani ba ce, in na rufe wannan hanya sai in nuna wata, don ita jikanta ta rasa, ba akuya ba. Na ga tana da gaskiya a wannan, kuma na ga hawaye a idonta. Sai na zaunar da ita da matan da suka rako ta, na shiga yi musu bayani. Na ce akwai addu'o'in safe da na yamma, in Auta ba ta iya furtawa za a karanta a kusa da ita. Akwai tofi a tafin hannu a shafe jiki. In ruwa zuciyarsu ke so, a daka ɗanyen ganyen magarya a zuba a ruwa mai tsarki, in karanta ayoyin neman tsari a kai, ta sha kaɗan ta yi wanka da sauran a banɗakin gidan ubanta, ƙofa a rufe, da hannunta, babu mai kallon ta. Akwai sadaka. Akwai kuma likita, domin neman magani ba ya karo da tawakkali.

Da na tsaya a nan da ba ki ga wannan takarda ba. Amma kin san halin mai karantarwa, in ya buɗe babi ba ya son tashi sai ya kai ƙarshensa. Sai na ƙara musu da cewa wanka guda da ya inganta a wannan fanni shi ne na kambun baka: idan aka san wanda idonsa ko bakinsa ya kama mutum, ana roƙon sa ya yi alwala a cikin mazubi, a kwarara wa marar lafiya ruwan ta bayansa. Na faɗe shi yadda nake faɗa wa ɗalibai, na wuce. Su kuwa duk abin da na lissafa a baya ya zube, wannan kaɗai suka tashi da shi. Kafin su kai ƙofar gida sun fara laluben wanda za a ɗora wa. Wata a cikinsu ta tuna zuwanki na ƙarshe, lokacin da kika dafa cikin Auta kina dariya kika ce wannan ciki ya yi kyau kamar a sace, kuma wai ba ta ji kin ce masha Allah ba. Ba su dawo wurina ba. Suka kira babbar 'yarki suka ce Malam ne ya ce ki aiko da ruwan alwalarki.

Ƙanwata, Allah ne shaidata, kuma gare Shi zan koma ba da daɗewa ba: sunanki bai fito daga bakina ba, bai kuma ratsa zuciyata ba. Ban san an yi kiran ba sai da jarkar ta iso. Dogo ya ajiye ta a gabana yana sunkuyar da kai kamar wanda ya kawo gawa. Ya ce da hannunki kika cika ta, kika ɗaure bakinta da leda, kika ce ya gaya wa Yaya kin wanke har ƙafafu, in bai isa ba a aiko a karɓi wani, sannan kika shige ɗaki ba ki ko amsa sallamarsa ba. Na daɗe a duniya, na wanke iyayenmu na sa su a ƙasa, na binne matata, amma ban taɓa jin nauyin abu a ƙirjina kamar na wannan jarka ba.

Zan iya gaya miki abin da malamai suka ce, cewa ido yakan fito har daga masoyi ba da nufinsa ba, kuma wanda aka roƙa ya wanke ba a tuhume shi da mugunta ba. Gaskiya ne, kuma kin bi umarni kin wanke, ladanki yana wurin Allah. Amma na san wannan ba zai sanyaya miki ba, domin ba da wannan fuska aka roƙe ki ba. Kuma hukuncin bai hau kanki ba tun asali, don ba a gina shi a kan zato da tsegumin bakin ƙofa. Likitar da ta karɓi haihuwar ta yi mana bayani cewa jinin Auta ne ya hau a ƙarshen cikin, aka kai ta a makare. Kwanan yaron ne ya ƙare. Shirun nan da ta shiga ma likitoci sun san shi a wurin matan da suka haihu, balle wadda ta koma gida hannu wofi, sun ba ta magani, mijinta yana kai ta ana duba ta.

Da surukar ta ji ruwa ya iso sai ga ta da sabon baho, wai a yi abin da aka fara. Na ce tun da aka shiga wannan magana kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan jikin yarinyar nan ban da ita, don haka sai an tambaye ta. Na shiga da jarkar na zauna a gabanta na gaya mata komai, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon jarkar. Sannan na ji muryar 'yata, wadda na fara mantawa da amonta. Ta tambaya ko Goggo ta yi kuka da aka gaya mata. Na ce ban sani ba. Ta ce ba za a zuba mata ruwan nan ba ko za ta mutu, domin in ya taɓa jikinta ta yarda ke nan cewa ke kika kashe mata ɗa. Na ce to bari in kai shi gindin bishiya in tuttular. Ta riƙe hannun jarkar ta ce a'a, a bar mata shi a ɗaki, tun da abin ya faru shi kaɗai ne abin da ya fito daga hannunki ya iso gare ta. Surukar tana bakin ƙofa tana ji. Ta ɗauki bahonta ta fita, daga baya ɗanta ya zo ya durƙusa a gabana yana kuka, ya ce in kin yarda shi da kansa zai zo ya ɗauko ki, ya nemi gafararki a madadin gidansu.

Yanzu Auta takan yi wankan magaryar wata rana, wata rana ta ƙi. Tana shan magani, tana taɓa abinci kaɗan, in ina karatu a kusa da ita nakan ga leɓenta yana motsi. Amma likita ta ce abin da ya rage shi ne ta samu wadda za ta buɗe wa cikinta. Ni tsoho ne, kuma namiji. Na iya karanta mata ayoyi har muryata ta dushe, amma akwai kukan da 'ya ba ta yi a gaban ubanta, akwai abin da jikinta ke yi mata na shayarwar da babu mai sha, wanda ba za ta iya faɗa mini ba. Uwarta ta riga mu gidan gaskiya. Ke kika rage mata. Ban ce ki yafe wa waɗanda suka ɓata miki yanzu ba, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne, kuma in akwai rabona a cikin ɓacin ran na karɓa. Abin da nake roƙo shi ne kada ki haɗa da yarinyar da ta ƙi yarda da su alhali ko magana ba ta iya yi.

Ki gaishe mini da mai gidanki, Allah Ya ƙara masa haƙuri da mu. Ki gaishe da babbar 'yarki, ki ce mata ban riƙe ta da komai ba, saƙo aka ba ta ta isar. Ina gaishe da takwarana da Mai Sunan Inna da Ƙaramin Liman, da amaryata mai wushirya, a gaya mata tsohon mijinta bai sake ta ba, ido ne ya hana shi zuwa zance. Babban ɗana da iyalinsa suna gaishe ku, haka ma ɗalibai.

Abu guda ya rage, kuma shi ne ya sa ban jira hucewarki ba. Ruwa ba ya daɗewa a rufe. Na duba jarkar da safiyar yau na ga ya fara sauya launi, jarkar kuwa tana nan a gefen gadon Auta, hannun yarinyar a kai. Ranar da dole a fitar da shi tana matsowa, kuma ban san abin da zan ajiye mata a wurin ba idan ba ke ba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalamu alaikum.

Ni ne yayanki mai jiran amsarki,
Malam